Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ƙiyasin Sharar Kayan Lantarki a Abuja

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata sun taru a kan batu guda, don haka muka haɗa su a wuri ɗaya. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita tambayoyin kuma mun sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karatun kimiyyar muhalli, kuma ina zaune a Gwagwalada. An ba ni aikin ƙiyasta yawan sharar kayan lantarki da gidaje da wuraren kasuwanci da masana'antu suke fitarwa a Abuja cikin shekara guda. Na yi niyyar in je bolar Gosa in yi mako biyu ina auna abin da motocin shara ke zubarwa. Shin hakan zai wadatar?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin ki kashe kuɗin mota zuwa Gosa, ki tambayi kanki yaushe rabonki da ganin mataccen firji a cikin kwandon shara. Ni dai ban taɓa gani ba. Duk abin da ke ɗauke da jan ƙarfe ko goran ruwa, masu jari bola sun riga motar shara ɗaukarsa tun daga ƙofar gida, kuma ɗan abin da ya kuɓuce musu, masu tsince a bakin bolar za su kwashe shi kafin ki ɗora shi a sikeli. Abin da zai rage miki shi ne fasassun ƙwayayen fitila da ɓawon roba da wayoyin caji. Idan kika gina aikinki a kan wannan, sakamakonki zai nuna cewa Abuja kusan ba ta da sharar lantarki, alhali ita sharar tana nan jibge a sito-sito da ƙarƙashin gadaje da kasuwannin panteka.

Mu fara da abin da ake nufi da sharar. A ƙa'idar masu wannan lissafi, duk na'urar da ke aiki da wuta ko batir, wadda mai ita ya rabu da ita ba da niyyar a ci gaba da amfani da ita ba, ta zama shara. An kasa ta gida shida: na'urorin sanyi irin su firji da na'urar sanyaya ɗaki, talabijin da allon kwamfuta, ƙwayayen fitila, manyan kaya irin su injin wanki da faifan sola, ƙananan kaya irin su fanka da dutsen guga da butar lantarki da rediyo, sai ƙananan kayan sadarwa, wato wayar hannu da makamantanta. Baturan da ke zaman kansu ana yi musu lissafi dabam, kuma ki riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Rahoton da hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNITAR da ITU, suka fitar a 2024 ya ce duniya ta samar da tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, wato kilo 7.8 a kan kowane mutum, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka rubuta cewa an tattara an sarrafa. Rabon mutumin Turai kilo 17.6 ne, na mutumin Afirka kuma 2.5. Fitowar rahoton ta 2020 ta ba Najeriya tan dubu 461 a shekarar 2019. To, babu wanda ya ɗora wannan kaya a sikeli. Lissafi ne aka yi da alƙalami: an ɗauki abin da aka shigo da shi ƙasa, aka haɗa da abin da aka ƙera a gida, aka cire abin da aka fitar, sannan aka bi kowane irin kaya da tsawon rayuwarsa, aka ce kaza zai mutu a shekarar farko, kaza a ta biyar, kaza a ta goma.

Wannan hanya tana da amfani ga ƙasa baki ɗaya, domin akwai takardun kwastan. Ko a can ma tana ɗingishi. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan dubu 60 na kayan lantarki na hannu ke shigowa duk shekara, kuma fiye da rabinsu a cushe suke zuwa cikin motocin tokumbo, inda sau da yawa ba a bayyana su a takarda. Ga Abuja kuwa hanyar ba ta da wurin kamawa, domin birnin ba shi da bakin teku, kayansa a tirela suke zuwa daga kasuwar Alaba da Ikeja da Onica da Kano, kuma babu mai rubuta adadin firjin da ya wuce Abaji ko Zuba.

Hanyar da ta dace da ke ita ce ki ƙirga abin da ke hannun mutane, ki ninka da nauyinsa, ki raba da shekarun da yake yi a hannunsu. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don koyarwa kawai, ba na wani bincike ba. A ce kin shiga gida 200, kin tarar da firji 150, kowanne kilo 45. Jimla kilo 6,750 ke nan. Idan firji yana yin shekara 9 kafin a haƙura da shi, waɗannan gidaje suna fitar da kilo 750 na mataccen firji duk shekara. A gidajen nan dai a ce akwai waya 800, kowacce giram 180, wato kilo 144, kuma ana canza ta duk shekara 3: kilo 48 ne kacal a shekara. Kin ga wayar da kowa ke magana a kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nauyin firji ba. Wannan ne ya sa nake shawartar ki fitar da teburi biyu, ɗaya na adadi, ɗaya na nauyi, domin kowanne labarinsa dabam.

Yanzu ki sake duba lissafin firjin. Idan shekara 6 yake yi maimakon 9, amsar ta tashi daga kilo 750 zuwa 1,125, ƙarin rabi guda, ba tare da kin canza komai ba sai lamba ɗaya. A nan ne yawancin ɗalibai ke faɗuwa, domin sukan kwafo tsawon rayuwar kaya daga teburin da aka yi wa Jamus ko Japan. A wurinmu abubuwa biyu ne ke jan wannan lamba, kowanne ta gefensa. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi tana ƙona kaya tun suna sababbi, kuma talabijin ɗin da aka saya na hannu ya riga ya cinye rabin kwanansa a wata ƙasa. A ɗaya gefen kuma, mai gyara ba ya barin na'ura ta mutu cikin sauƙi: fanka ɗaya sai a naɗe mata koyil sau uku. Wanda ya fi rinjaye tsakanin biyun ya danganta da irin kayan da irin unguwar, kuma amsar tana bakin masu gyara. Ki zauna da masu gyaran waya da kwamfuta a Banex da ke Wuse, da masu gyaran firji a unguwarku, ki tambaye su shekarun kayan da ake kawo musu da kuma nawa ne cikin goma suke cewa mai shi ya haƙura.

Akwai kuma kayan da suka mutu amma ba a binne su ba. A gidan wata gwaggota a Nyanya akwai firjin da ya daina aiki tun kafin a aurar da autarta, kuma har yau yana tsaye a kicin, an jera tukwane da robar manja a cikinsa, an ɗora masa fulas a ka. Idan kika tambaye ta ko ta zubar da wani kayan lantarki a bana, za ta rantse miki ba ta zubar ba, kuma gaskiya ta faɗa. Saboda haka takardar tambayarki ta kasance da gurbi uku ga kowane kaya: mai aiki, matacce amma yana gida, da wanda ya fita. Wanda ya fita kuma ki tambayi inda ya nufa, ko kyauta aka ba ɗan'uwa a ƙauye, ko an sayar wa mai jari bola, ko an bar shi a shagon mai gyara ba a koma ba. Kada ki tambayi mutum abin da ya zubar. Ki ce masa, “Wannan talabijin sabuwa ce, ina tsohuwar?” Nan take za ki ji labari. Kuma matar gida ta fi maigida sanin adadin dutsen guga da injin markaɗe da suka mutu.

Batun zaɓen gidaje ma yana buƙatar hattara. Gida ɗaya a Maitama ko Asokoro yana iya ɗauke da na'urorin sanyaya ɗaki fiye da layi guda a Karmo, kuma ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje su ma cikin Babban Birnin Tarayya suke. Ki kasa unguwanni zuwa rukuni uku ko huɗu gwargwadon hali, ki yi lissafin kowane rukuni dabam, sannan ki haɗa. Wajen ninkawa da yawan gidaje, ki faɗi a fili inda kika samo adadin, domin ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba Babban Birnin Tarayya baki ɗaya mutum miliyan 1.4 da ɗoriya, kuma duk adadin da ake kawowa bayanta hasashe ne. Sannan ki yanke hukunci tun farko a kan Mararaba da Masaka da ke jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla da ke jihar Neja. Dubban masu aiki a Abuja a can suke kwana, a Wuse suke sayen waya, amma a inda suke kwana take mutuwa. Ko ki sa su ko ki bar su, duk daidai ne, muddin kin rubuta abin da kika yi. A ƙarshe ki ba da amsa uku, ta ƙasa da ta tsakiya da ta sama, maimakon lamba guda mai ɗigo da wutsiya wadda za ta sa mai karatu ya zaci awo kika yi.

Ki tafi da takardar shaida daga makaranta, ki fara gaida mai unguwa. Baƙon da ke ƙirga kayan ɗakin mutane, ko dai a ɗauke shi ɗan haraji ko a ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayi.

TAMBAYA: Ni ne mai kula da sito a wani ofishin gwamnati a Garki. Muna da ɗaki guda cike da tsofaffin kwamfutoci da injinan kwafi, wasu sun shekara takwas a ajiye. Shugabanmu ya ce in rubuta yawan sharar lantarki da ofishin ke fitarwa a shekara. Waɗannan na ajiye shara ne ko kadara?

AMSA: Ɗan'uwa, a littafin akanta kadara ne, a idon mai binciken muhalli kuma shara ce da ke jiran ranar fita. Na san irin ɗakin da kake nufi: allunan kwamfuta masu ƙeya an jera su har rufi, kowanne da lambar ofis da aka rubuta da farin fenti, ƙura ta rufe su, kuma babu mai ikon taɓa ko da linzami ɗaya sai kwamitin tantance kaya ya zauna. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda ake rabuwa da kadarorin gwamnati, kuma bin matakan yana ɗaukar lokaci, shi ya sa kaya ke kwana.

Aikinka ya fi na ɗalibar nan sauƙi, domin kana da rajistar kadarori mai ɗauke da ranar saye. Ka ware kayan da ke ɗakin gwargwadon shekarar da aka daina amfani da kowanne, ka auna guda biyar ko goma daga kowane iri don samun matsakaicin nauyi, sannan ka raba jimlar da yawan shekarun da aka ɗauka ana tara su. Kuskuren da za ka guje wa shi ne rubuta kayan shekara takwas a matsayin sharar shekarar da aka yi gwanjo. Ka rubuta lamba biyu: abin da ke mutuwa duk shekara, da abin da ya taru yana jira.

Akwai wani tarko da ya shafe ka ya kuma shafi ɗalibar. Kwamfutar da banki ko ofis ya daina amfani da ita bayan shekara huɗu ko biyar sau da yawa lafiyarta ƙalau. A gwanjo wani zai saye ta, ta koma shagon buga takardu a Area 1, ta yi shekara uku, daga nan ta koma gidan yaron shagon. Idan aka rubuta ta a matsayin sharar ofis, aka sake rubuta ta a sharar kasuwanci, aka kuma rubuta ta a sharar gida, kwamfuta ɗaya ta mutu sau uku a takarda. Ƙa'idar ita ce a ƙirga ta sau ɗaya, a hannun wanda ta mutu. A ganina wannan ne ya sa Abuja ta bambanta da sauran birane: gari ne na ofisoshi da otal-otal da asibitoci da ofisoshin jakadanci, masu sayen sabo su saki da wuri, kuma abin da suka saki yana gangarawa ne zuwa gidajen bayan gari. Mai son ƙiyasin ɓangaren kasuwanci baki ɗaya sai ya nemi ma'auni ga kowane iri, kamar kilo nawa a kan kowane ma'aikaci a ofis, kowane ɗaki a otal, kowane gado a asibiti, sannan ya ninka.

Idan ranar fitar da kayan ta zo, a goge ko a lalata ma'ajiyar bayanan kowace kwamfuta kafin ta bar harabar. Matattun kuma a miƙa su ga masu sarrafawa da ke da rajista da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin ɓangaren lantarki a 2011 aka kuma sabunta su a 2022. Gilashin waɗannan allunan masu ƙeya yana ɗauke da dalma mai yawa, dogayen ƙwayayen fitila kuma suna da zaiba. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010, duk da cewa daga haƙar zinariya ta fito, ba zai bari a fasa irin wannan gilashi a tsakar gida ba.

TAMBAYA: Ina aikin injiniya a wata masana'anta a Idu. Shin mu ma za a yi mana lissafi irin na gidaje?

AMSA: A'a, Injiniya. Gidaje suna da yawa kuma sun yi kama da juna, don haka ɗari biyu za su iya wakiltar dubbai. Masana'antun Abuja kaɗan ne kuma kowacce da kamanninta, mai yin ruwan roba dabam, mai buga littattafai dabam, mai haɗa kujeru dabam. Sharar ku ba ta fita a kai a kai: shekara biyar babu komai, sai rana ɗaya a cire taransifoma ko allon sarrafa inji mai nauyin tan guda. Matsakaicin da aka ɗauka daga masana'anta uku ba zai faɗi komai game da ta huɗu ba. Abin yi shi ne a bi su ɗaya bayan ɗaya, a duba littafin gyara na shekara goma, a kuma raba kayan ofis daga kayan aikin sarrafawa.

A sa ido a kan abu biyu. Tsofaffin taransifomomi na iya ɗauke da man PCB mai guba, wanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta ce a daina amfani da shi, don haka ba a haɗa su da sauran ƙarafa. Na biyu shi ne baturan inbata da na turakun sadarwa. Batir ɗaya babba yana kai kilo 60, mafi yawansa dalma, kuma a zafinmu da yawan ɗauke wuta ba ya daɗewa. Lissafin duniya bai sa shi cikin sharar lantarki ba, amma wanda ya yi ƙiyasin Abuja ya bar shi ya bar kaya mai nauyi a baya. A ba shi teburinsa a gefe, domin a iya kwatanta sauran da na wasu ƙasashe.

TAMBAYA: Ni dillalin tsofaffin ƙarafa ne a Dei-Dei, shekarata ashirin a sana'ar. Yarona ne ya rubuta mini wannan. Masu bincike suna zuwa suna ɗaukar mu hoto su tafi. Ba su taɓa tambayarmu nawa muke saye ba. Me ya sa?

AMSA: Alhaji, ranka ya daɗe, kuskurensu ne. A duk sarƙar nan, daga kamfanin da ya ƙera na'ura har zuwa inda aka narka ta, kai ne kusan kaɗai mutumin da ke ɗora kayan a sikeli kullum, domin da kilo kake biya. Na taɓa tsayawa a wani shago irin naka na ga yadda yaro ya kwance na'urar sanyaya ɗaki cikin ɗan lokaci: jan ƙarfe gefe guda, goran ruwa gefe guda, kwamfuresa dabam, koren allon nan mai ƙananan ƙafafu a buhunsa na musamman, kuma maigidan yana rubuta nauyin kowanne a littafi mai bangon kwali. Wannan littafi ya fi hotuna ɗari amfani.

Ga yadda za a yi amfani da shi. Idan lissafin gidaje da ofisoshi ya ce unguwannin da yaranka ke yawo suna fitar da tan kaza na firji a shekara, sai a zo a duba nawa ya iso hannunka da na maƙwabtanka. Idan ratar ta yi yawa, ko dai kayan suna kwance a gidaje, ko suna fita zuwa wani gari, ko kuma lissafin ne ya kuskure. Sai dai a kula da lokacin da aka ɗauka: a Janairun 2025 hukumar babban birnin ta hana masu jari bola yawo cikin gari ta kuma dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu saboda satar kayan gwamnati, don haka littafin waɗannan watanni ba zai nuna yadda kasuwa take a kullum ba.

Na san dalilin da zai sa ka yi jinkirin buɗe littafin ga baƙo. Ka sa sharaɗi cewa ba za a rubuta sunanka ko lambar shagonka ba, kuma jimlar nauyi kawai za a ɗauka ba kuɗi ba, zai fi kyau ma a bi ta hannun shugabannin ƙungiyarku. Akwai kuma tsarin da ya ɗora wa masu ƙera kaya da masu shigo da su nauyin tattara matattun, wanda ƙungiyar EPRON da aka kafa a 2018 ke gudanarwa, kuma masu tattarawa suna iya yin rajista a ƙarƙashinsa. Na tura wa ɗalibar Gwagwalada wasiƙarka ba tare da suna ba, kuma idan ka amince, ka sa yaronka ya sanar da mu ranar da kasuwa ba ta cika ba domin ta zo da littafinta.